Kula da rumbun bayanai

Kula da rumbun bayanai shi ne aikin girkawa, tsarawa, karewa da gyaran rumbun bayanai na kwamfuta, domin abin da ke ciki ya zauna daidai, a same shi lokacin da ake buƙata, kuma a iya dawo da shi idan ya lalace. Rumbun bayanai kuwa ma'ajiya ce da ake jera bayanai a cikinta bisa tsari, kamar sunayen ɗalibai da sakamakon jarrabawarsu, katunan marasa lafiya, ko jerin albashin ma'aikata. A manyan kamfanoni sana'a ce mai zaman kanta. A ƙananan ofisoshi da makarantu kuwa, sau da yawa mutum ɗaya ne ke haɗa ta da gyaran firinta da saita intanet.

Aikin yana tafiya tare da wasu fannoni biyu. Na farko shi ne rubutun umarni, wato tara umarnin da ake yawan maimaitawa a fayil ɗaya domin kwamfuta ta riƙa yin su da kanta. Na biyu shi ne bin diddigin sauyi, wato ajiye tarihin duk canjin da aka yi wa fayil, da wanda ya yi shi, da dalilinsa. Abin da ya haɗa ukun shi ne samun hanyar komawa baya idan an yi kuskure.

Tarihi

A shekarar 1970 Edgar F. Codd, mai bincike a kamfanin IBM a Amurka, ya gabatar da tsarin ajiye bayanai a cikin jadawalai masu alaƙa da juna. Kowane jadawali yana da layuka, kowane layi bayanin abu ɗaya ne, misali ɗalibi ɗaya, sannan yana da ginshiƙai, kamar na suna, na aji da na ranar haihuwa. Daga wannan tsari ne Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka samar da harshen SQL, wanda aka daidaita ƙa'idarsa a 1986, kuma har yau da shi ake yi wa yawancin rumbuna magana.

Manhajojin da ɗalibi zai fi cin karo da su kyauta ne. MySQL ta fito a 1995 daga ƙasar Suwidin, ta koma hannun Oracle a 2010, kuma MariaDB ta ɓalle daga gare ta a 2009. PostgreSQL ta samo asali daga aikin Michael Stonebraker a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986, ta sami sunanta na yanzu a 1996. SQLite, wadda D. Richard Hipp ya rubuta a shekarar 2000, tana ajiye rumbu gaba ɗaya a fayil guda, kuma tana cikin kowace wayar Android.

A Dutse da tsakiyar Jigawa

An ƙirƙiri jihar Jigawa daga tsohuwar jihar Kano a ranar 27 ga Agusta 1991, Dutse ta zama babban birni, ma'aikatun jiha da takardunsu suka taru a can. Gwamnatin Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, ta yi suna wajen ba fasahar sadarwa muhimmanci, kuma a zamaninta aka buɗe cibiyar koyar da kwamfuta ta Kazaure. Jami'ar Tarayya ta Dutse, ɗaya daga cikin jami'o'i tara da gwamnatin tarayya ta kafa a 2011, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, suna cikin wuraren da matasa ke fara jin sunan SQL. Kashifu Inuwa Abdullahi, wanda aka naɗa shugaban hukumar NITDA a 2019, ɗan Haɗejia ne.

Mutane da yawa a yankin suna hulɗa da rumbun bayanai ba tare da sun ga fuskarsa ba. Manhajar DHIS2, wadda ake tattara ƙididdigar wata-wata ta asibitocin Najeriya da ita, an ƙirƙire ta ne a ƙarƙashin Jami'ar Oslo, kuma a kan PostgreSQL take gudana. Saboda haka adadin haihuwa ko rigakafi da ma'aikaciyar lafiya ta rubuta a rajista a Kiyawa, Jahun, Miga ko Birnin Kudu, a ƙarshe layi ne a cikin wani jadawali.

Yanayin wurin yana canza yadda ake yin aikin. Wutar lantarki na iya ɗaukewa a tsakiyar rubutu. Zafin bazara daga Maris zuwa Mayu yakan wuce digiri 40, ƙurar hunturu tana toshe fankar kwamfuta, ga kuma ambaliya irin ta 2022 da ta yi ɓarna a ƙananan hukumomi da dama na jihar. Littattafan da aka rubuta a Turai da Amurka sun ɗauka cewa kwamfutar da ke riƙe da rumbu a kunne take dare da rana a ɗaki mai sanyi, don haka wasu shawarwarinsu sai an gyara su kafin su yi amfani a nan.

Tsara jadawali

Kowane layi yana buƙatar lamba tasa ta kansa wadda ba ta maimaituwa. Suna ba ya iya wannan aiki, domin aji ɗaya na iya ƙunsar Aisha Muhammad uku, kuma mutum ɗaya na iya bayyana a matsayin Muhammad, Muhammadu, Mohammed da Moh'd a takardu huɗu. Haka sunayen garuruwa. Idan aka bar kowa ya rubuta da hannunsa, za a sami Haɗejia, Hadejia da Hadejiya, ko Birnin Kudu da B/Kudu, kuma kwamfuta za ta ƙirga kowanne a matsayin gari daban. Maganinsa shi ne a yi jadawali guda na ƙananan hukumomi 27 na jihar, kowace da lambarta, mai shigar da bayani ya zaɓa daga jerin.

Lambar waya, lambar NIN da ta BVN ana ajiye su a matsayin rubutu, tun da ba a yin lissafi da su. Idan aka ɗauke su a matsayin adadi, sifirin farko na lambar waya yana faɗuwa, abin da Excel ke yi da kansa idan aka buɗe fayil ɗin CSV kai tsaye. Kwanan wata an fi so a rubuta shi da shekara, wata, rana, kamar 2024-03-04, saboda 03/04 a Najeriya 3 ga Afrilu ne, a Amurka kuwa 4 ga Maris. Excel kansa bai dace ya zama rumbu ba idan bayanai sun yi yawa. A watan Oktoba 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta bayyana cewa sakamakon gwajin korona kusan 16,000 sun ɓace daga rahotonta, saboda tsohon nau'in fayil ɗin Excel da aka yi amfani da shi ba ya wuce layuka 65,536.

Haruffan Hausa a cikin rumbu

Wannan shi ne ɓangaren da littattafan waje ba sa taɓawa, kuma shi ne ya fi ɓata bayanan Hausa a ɓoye. Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, haruffa ne masu zaman kansu da ke bambanta ma'ana: kafa da ƙafa, baki da baƙi, karya da ƙarya. A tsarin Unicode kowanne yana da lambarsa: ɓ U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, ƴ U+01B4, manyansu kuma Ɓ U+0181, Ɗ U+018A, Ƙ U+0198 da Ƴ U+01B3. Babu ɗaya daga cikinsu a tsohon tsarin latin1 na harsunan yammacin Turai, wanda shi ne MySQL ke zaɓa da kanta kafin fitowar siga ta 8.0 a 2018. Duk rumbun da aka gada daga wancan lokaci ya kamata a duba shi.

Lalacewar iri biyu ce, kuma bambancinsu yana da muhimmanci. Idan aka ga alamar tambaya a gurbin harafi, kamar ?asa maimakon ƙasa, to harafin ya salwanta tun lokacin shigarwa, sai dai a koma ga asalin takarda. Idan kuwa aka ga Æ™asa maimakon ƙasa, ko É—aki maimakon ɗaki, bayanin yana nan lafiya, karanta shi aka yi da tsarin da ba nasa ba. A UTF-8 harafin ƙ yana ɗaukar gurbi biyu, C6 da 99, sai tsarin Windows na yammacin Turai ya karanta su a matsayin Æ da ™. Irin wannan ana iya gyara shi gaba ɗaya da rubutun umarni, akwai ma kayan aikin Python mai suna ftfy da aka yi don haka. Babban kuskure shi ne a sa ma'aikaci ya fara gyarawa da hannu layi bayan layi, domin daga nan jadawalin zai cakuɗe, rabi gyararre rabi a karye, umarni ɗaya ba zai ƙara yi masa aiki ba.

Kariya ita ce wurare uku su yarda da juna a kan UTF-8: ginshiƙin da ake ajiyewa, hanyar da manhaja ke magana da rumbu, da shafi ko fayil ɗin da ke nunawa. A MySQL da MariaDB sunan da za a zaɓa shi ne utf8mb4. Wanda ake kira utf8 kawai a tsofaffin sigogi bai cika ba: yana ɗaukar haruffan boko da na ajami, amma yana ƙin alamomin fuska da mutane ke sawa a saƙonnin waya.

Sai matsalar nema. Mutane da yawa suna rubutu a waya ba tare da ƙugiya ba, don haka mai neman Dankani ba zai ga Ɗankani ba. Wasu masu shirya manhaja sukan magance wannan ta hanyar goge ƙugiya daga bayanan gaba ɗaya, wanda asara ce da ba a iya mayarwa. Hanyar da ta fi ita ce a bar sunan yadda mai shi ke rubuta shi, a ƙara ginshiƙi na biyu na nema kawai. Dabarar da ake cire alamomin Faransanci da ita ba ta aiki a nan, domin a Unicode é tana rabuwa zuwa e da alama, amma ƙ ba ta rabuwa zuwa k da ƙugiya. Dole a jera su da hannu, misali a PostgreSQL:

translate(suna, 'ɓɗƙƴƁƊƘƳ', 'bdkyBDKY')

Jeranta sunaye bisa abacada ma yana da nasa batu. Idan rumbu ya bi lambobin Unicode tsantsa, duk sunan da ya fara da Ɗ ko Ƙ zai koma bayan Z. Tun siga ta 10 a 2017 PostgreSQL na iya amfani da ƙa'idojin jeri na ICU, waɗanda suka haɗa da na Hausa, inda ɗ ke bin d, ƙ ke bin k. SQLite kuwa, yadda take zuwa, haruffan Ingilishi 26 kaɗai ta sani wajen mayar da ƙaramin baƙi babba, saboda haka za ta bar ƙ yadda take ko da an umarce ta.

Masu nazarin harshe da ke sa alamar karin sauti suna da ƙarin aiki. Ana iya rubuta à a matsayin harafi ɗaya ko a matsayin a da alama a kanta. A ido iri ɗaya ne, a wurin kwamfuta daban suke. Shi ya sa ake daidaita duk rubutu zuwa siga ɗaya, yawanci NFC, kafin a shigar da shi.

Hamza

Alamar hamza da ke cikin Sa'adatu, Rabi'u, Mu'azu, jami'a da ma'aikata ita ce kuma alamar da SQL ke buɗe rubutu da rufe shi da ita. Idan manhaja tana manna abin da mutum ya rubuta kai tsaye a cikin umarni, sunan Sa'adu zai yanke umarnin a tsakiya, ya fito da kuskure. Wannan kuskure alama ce ta ɓaraka mafi girma, domin ta ƙofar da hamza ta karya umarni, ta nan ne mai kutse ke shigar da nasa umarnin ya kwashe jadawali ko ya goge shi. Za a iya cewa sunayen Hausa gwajin tsaro ne na kyauta: shafin rajistar da ya kasa karɓar Isma'il bai kamata a amince masa da bayanan mutane ba.

Hana hamza a fom ba gyara ba ne. Abin da yake haifarwa shi ne mutum ya zama Saadu a takarda ɗaya, Sa'adu a wata, daga baya ya sha wahalar tabbatar da cewa shi ne. Gyaran gaskiya shi ne a aika umarni daban, bayani daban, a bar gurbi a cikin umarnin da manhajar rumbu za ta cike da kanta. Duk harsunan shirya manhaja na zamani suna da wannan hanya.

Hamzar kanta iri uku ce a kwamfuta: ta allon rubutu U+0027, mai lanƙwasa U+2019 da Word ke sawa da kansa, da U+02BC wadda Unicode ta tanada a matsayin harafi. Sai a zaɓi ɗaya a mayar da sauran zuwa gare ta. Rumbun da ke haɗa rubutu daga Najeriya da Nijar zai kuma tarar da 'ya'ya a wannan ɓangare, ƴaƴa a wancan.

Kwafin ajiya

Ƙa'idar da aka fi sani ita ce ta 3-2-1: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Filashin da ke cikin aljihun teburin da kwamfutar take a kai bai cika wannan sharaɗi ba, tun da gobara, ɓarawo ko ruwa tare za su same su. Kwafe fayilolin rumbu kai tsaye yayin da yake aiki yakan ba da kwafi gurgu. Ana amfani da kayan aikin da aka yi don haka: pg_dump ga PostgreSQL, mysqldump tare da --single-transaction ga MySQL, da umarnin .backup ga SQLite.

Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ba a san ko yana aiki ba. Misalin da aka fi kawowa shi ne na kamfanin GitLab a ranar 31 ga Janairu 2017, lokacin da wani injiniya ya goge bayanai kusan gigabait 300 daga babban rumbu, yana zaton a kan na biyu yake aiki. Da aka koma ga kwafin ajiya sai aka tarar pg_dump ya daɗe yana faɗuwa saboda sigarsa ba ta dace da ta rumbun ba, saƙonnin gargaɗi kuma ba sa isowa. An tsira ne da wani kwafi da aka ɗauka kimanin awa shida kafin nan, aikin waɗannan awanni ya tafi. Saboda haka ana ware rana, ko sau ɗaya a wata, a zuba kwafin a wani rumbun gwaji, a ƙirga layuka, a buɗe wasu sunaye masu ƙugiya a ga ko sun dawo daidai.

Game da ɗaukewar wuta, PostgreSQL da injin InnoDB na MySQL suna rubuta abin da za su yi a wani kundi kafin su taɓa jadawali, don haka sukan farfaɗo da kansu idan wuta ta dawo. Tsohon injin MyISAM ba ya yin haka. Na'urar UPS ko inbata ba sai ta riƙe kwamfuta tsawon yini ba, ya isa ta ba da 'yan mintoci a kashe ta cikin tsari.

Gyara bayanai kai tsaye

Umarnin UPDATE ko DELETE da aka manta ba a sa masa sharaɗin WHERE ba yana shafar kowane layi. Wanda ya so ya mayar da ɗalibi ɗaya aji uku zai mayar da makarantar duka. Masu aikin sukan fara da SELECT mai sharaɗi iri ɗaya su ga layukan da abin zai shafa, sannan su yi gyaran a dunƙule:

BEGIN;
UPDATE dalibai SET aji = 3 WHERE lamba = 214;

Idan rumbu ya ce layi ɗaya ya canza, sai a rubuta COMMIT a tabbatar. Idan ya ce 900, sai ROLLBACK, komai ya koma yadda yake. A MySQL wannan kariya ba ta shafi umarnin da ke canza siffar jadawali ko rushe shi ba, su nan take suke tabbata. Tana da zaɓin --safe-updates da ke ƙin irin wancan umarni marar sharaɗi, kuma masu manhajar sun ba shi suna na biyu na raha, --i-am-a-dummy, wato ni wawa ne.

Rubutun umarni

Duk aikin da ake yi fiye da sau biyu ya cancanci a rubuta shi. A Linux an fi amfani da Bash, wanda Brian Fox ya fitar a 1989, a Windows kuma PowerShell. Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, yana aiki a duka biyun kuma ya fi sauƙi wajen tsaftace rubutu. Ga misalin ɗan gajeren rubutu na ɗaukar kwafi:

#!/bin/bash
set -euo pipefail
rana=$(date +%F)
pg_dump -Fc makaranta > /ajiya/makaranta-$rana.dump

Layi na biyu yana sa rubutun ya tsaya da zarar wani umarni ya faɗi, ko an kira sunan da ba a ba shi ƙima ba. Rashin wannan ya taɓa jawo ɓarna: a 2015 an gano cewa rubutun manhajar wasanni ta Steam a Linux na iya goge duk fayilolin mai kwamfuta, saboda sunan foldar da zai share ya zo fanko, sai umarnin ya fara daga tushe. Ko da wannan kariya, kwafin da ya faɗi yakan bar fayil marar komai mai suna daidai, don haka rubutun kirki yana duba girman fayil kafin ya goge tsofaffin kwafi.

Ana sa wa irin wannan rubutu lokaci da manhajar cron. Littattafai sukan ce a sa ƙarfe biyun dare, lokacin da babu mai aiki. A ofishin da ake kashe janareta da yamma, wannan yana nufin ba za a taɓa ɗaukar kwafi ba, kuma cron ba ya rama aikin da ya wuce shi. Ya fi a sa lokacin hutun sallar azahar, ko a yi amfani da anacron, wanda ke yin aikin da zarar an kunna kwamfuta. Kalmar sirri ba ta shiga cikin rubutun, tana zama a fayil daban da mai kula kaɗai ke iya karantawa.

Bin diddigin sauyi da Git

Kafin a san wannan fanni, mutum yakan cika folda da fayiloli irin su aiki_sabo, aiki_na_ƙarshe da aiki_na_ƙarshe_sosai. Manhajar farko da ta magance haka ita ce SCCS ta Marc Rochkind a 1972, sai RCS a 1982, sai CVS da Subversion. Linus Torvalds ya rubuta Git a watan Afrilu 2005 domin aikin Linux, bayan an janye musu izinin amfani da BitKeeper kyauta, kuma Junio Hamano ne ke kula da ita tun watan Yulin shekarar. GitHub, wanda aka buɗe a 2008 kuma Microsoft ta saya a 2018, shafi ne da ake ajiye ma'ajiyar Git a kansa. Mutane kan rikita su, amma Git na aiki ba tare da shi ba.

Wannan ne ya sa ta dace da wurin da intanet ke da rauni ko tsada. Tarihin gaba ɗaya yana kan kwamfutar mai aiki. Umarnin git init yana buɗe ma'ajiya, git add da git commit suna ajiye sauyi tare da bayaninsa, git diff yana nuna abin da ya canza, git log yana nuna tarihi, duk babu data. Idan ana so a kai aikin daga Dutse zuwa Gwaram babu hanyar sadarwa, git bundle yana dunƙule ma'ajiyar a fayil ɗaya da za a ɗauka a filashi. Bayanin sauyi ana iya rubuta shi da Hausa, kuma an fi so ya faɗi dalili. "An ƙara gurbin unguwa saboda sunaye na maimaituwa" ya fi "gyara" amfani ga wanda zai karanta bayan shekara.

Abin da mai kula da rumbu ke sawa a Git shi ne rubutun umarni da siffar jadawalai. Duk canjin siffa ana rubuta shi a fayil mai lamba, 001, 002, 003, a gudanar da su bi da bi, kuma wanda aka riga aka gudanar ba a sake taɓa shi, sai dai a rubuta sabo. Manhajoji irin su Flyway, Liquibase da Alembic suna riƙe lissafin waɗanda aka yi. Abin da ba ya shiga shi ne kalmar sirri da kwafin bayanan mutane, ana jera sunayensu a fayil ɗin .gitignore tun ranar farko. Git ba ta mantuwa: goge fayil a yau bai cire shi daga tarihin jiya ba, don haka kalmar sirrin da ta taɓa shiga sai a canza ta.

Wajen warware kuskure, git revert yana ƙara sabon sauyi da ke soke na baya, tarihi yana nan. Shi kuwa git reset --hard yana zubar da aikin da ba a ajiye ba, babu dawowa. Akwai ƙananan matsaloli biyu da suka fi damun masu farawa a nan. Rubutun Bash da aka yi a Windows yakan ƙi gudana a Linux saboda bambancin alamar ƙarshen layi, ana gyara shi da layin *.sh text eol=lf a fayil ɗin .gitattributes. Sannan Git tana nuna sunan fayil mai ƙugiya da lambobi, ƙ ta zama \306\231, har sai an ba da umarnin git config core.quotepath false.

Amfanin bai tsaya ga masu kwamfuta ba. Manhajar FieldWorks da ake haɗa ƙamus da ita tana musayar aiki tsakanin masu bincike ta hanyar Mercurial, wadda takwarar Git ce da ta fito a shekara ɗaya da ita. Tarin rubutun NaijaSenti na 2022, mai ɗauke da saƙonnin Twitter na Hausa, Ibo, Yarbanci da Fijin, a GitHub aka ajiye shi. Ga mai gyaran rubutun zube, git diff --word-diff ya fi dacewa, domin yana nuna kalmar da ta canza maimakon layin gaba ɗaya.

Izini, doka da miƙa aiki

Kowane ma'aikaci da kowace manhaja ana ba su asusu nasu, da izinin da aikinsu ke buƙata kawai. Mai buga rahoto yana buƙatar karantawa, ba ya buƙatar gogewa. Inda kowa ke shiga da asusun shugaba ɗaya, ba a iya gane wanda ya canza maki ko ya ƙara suna a jerin albashi.

A Najeriya wannan ya zama batun doka. NITDA ta fitar da ƙa'idar kare bayanai a watan Janairu 2019, sannan a watan Yuni 2023 aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta wajabta sanar da hukumar cikin awa 72 idan bayanan mutane suka fita ta hanyar da ka iya cutar da su. Kwafin ajiya da ke kan filashi yana cikin abin da dokar ta shafa, shi ya sa ake kulle shi da kalmar sirri kafin ya bar ofis.

A wurare da dama mai riƙe da rumbu ɗan bautar ƙasa ne ko ɗalibi mai sanin makamar aiki, wanda zai tafi bayan wasu watanni. Kafin ya tafi ana rufe asusunsa, a canza kalmomin sirrin da ya sani, a kuma tabbatar ya bar fayil a cikin ma'ajiyar Git da ke bayyana inda rumbun yake, sigar manhajarsa, lokacin da ake ɗaukar kwafi, inda ake kai shi, da matakan dawo da shi. Ana gwada fayil ɗin ta hanyar ba wanda zai gaje shi ya bi matakan shi kaɗai a kan rumbun gwaji, tun mai tafiyar yana nan.